Matakalar da Yaya Ta Sauka

SHAFI NA 9

Ku yi haƙuri da shirun kwana huɗu, na ga saƙonninku. Wannan shafin sau biyu ina rubutawa ina gogewa. Ba a littafi na karanto shi ba, a kaina yake. Masu cewa Auta ta cika tsoro, Allah kada Ya nuna muku ranar da za ku raka yayarku asibiti da ƙafarta, ku dawo gida da jaririya kawai.

*

Ranar Talata ce, ranar ajin masu ciki. Mata goma sha ɗaya ne kwance a kan tabarmi a ɗakin da ke bayan wurin awo, kowa da matashi tsakanin gwiwoyinta. Auta tana can jikin bango. Saura sati biyu ta haihu, kuma cikin fari ne.

Sista, babbar ungozomar asibitin, ta bar takalmanta a bakin ƙofa tana ratsa tsakaninsu a hankali.

"A saki haƙora. Mai Ɗinki, ke nake kallo, kin cije baki kamar an ce za a ƙwace miki keken."

"Sista, yaron nan ne yake taka min mara."

"Ki ce masa ya jira, muna aji."

Aka yi dariya, cikuna suna rawa.

"To, ya isa. A ja numfashi ta hanci. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. A sake shi ta baki, a hankali, kamar mai hura wa yaro abinci mai zafi. Kafaɗa ta sauka. Muƙamuƙi ya saki. In sama ya saki, ƙasa ma zai saki."

Abin da take koya musu kenan duk Talata: yadda mace za ta lallashi jikinta da kanta, har ta kai wani wuri tsakanin barci da ido biyu, inda ciwon naƙuda zai zo ya wuce tsoro bai ɗaure ta ba. Kowace ta zaɓi matakala da ta sani, mai hawa goma, da ɗakin da hankalinta ke kwanciya a ƙasanta. Ana ƙirgawa daga goma zuwa ɗaya a sauka. In an gama, a ƙirga daga ɗaya zuwa goma a hau, a buɗe ido.

"Goma," in ji Sista.

Auta ba ta ji taran ba. Wata muryar ce ta karɓe a cikin kanta, murya mai ɗan kauri, mai jan ƙarshen magana.

Matakalar gidan da suka tashi ce. Matsattsiya, bango ta dama, bango ta hagu, mutum biyu ba sa wuce juna sai ɗaya ya manne da bango. Suna yara in sun haɗu a tsakiya, Yaya kan riƙe ƙugu ta ce, "Auta, ke za ki matsa ko ni?"

Sanyin simintin ya taɓa tafin ƙafarta. Bakwai. Shida. Ga tsagar nan a ta biyar, inda ta taɓa fasa gwiwa. Uku. Biyu. Ɗaya.

Ƙofar a buɗe take. Gadon ƙarfe, koren labule, hasken rana a kan tabarma.

Yaya tana zaune a bakin gadon, ɗaure da zanin da ta tafi asibiti da shi. Hannayenta a kan cinya. Ba ta rame ba, ba ta tsufa ba. Ta ɗago.

"Kin zo ki ƙirga min?"

Can nesa, kamar rediyon maƙwabta, wata tana cewa takwas, tara, goma.

Sai da aka danna kafaɗarta da ƙarfi har ƙashi ya amsa, sannan ta ga fanka tana juyawa a sama. Fuskoki sun kewaye ta. Kowa ta riga ta naɗe tabarmarta.

"Sista, wallahi wannan ba barci ba ne," in ji Mai Ɗinki. "Idonta rabi a buɗe yake, kuma bakinta na motsi."

"Sau uku ina ƙirga miki," Sista ta ce, ba ta cire hannunta ba. "Sauran ku tafi, sai Talata. Ke, tashi a hankali. Biyo ni."

*

Ofishin ƙarami ne. Tebur, kujera biyu, kabad ɗin ƙarfe, abin awon jini a rataye. Sista ta ɗaura mata shi a dantse, ta matsa, ta duba, ta kwance.

"Jininki lafiya lau. Zuwanki na nawa ke nan?"

"Na uku, Sista."

"Shekarata tara ina koyar da abin nan. Mai zuwa na uku ba ta kai ƙasa haka. Yawancinsu a ta shida suke tuno sun bar tukunya a wuta. Wa ke koya miki a gida?"

"Babu kowa."

"Yarinya, dube ni. Na haife ki. Wa ke koya miki?"

Auta ta buɗe jaka. Ta wuce tata wayar, ta ciro wata tsohuwa mai fasasshen gilashi, an ɗaure bayanta da roba. Ta danna, ta ajiye a kan teburin.

Aka ji ƙarar iska, aka ji an gyara murya.

"To. Kwanta ta hagu. Saki haƙoranki. Babu mai korar ki. Goma..."

Biron da ke hannun Sista ya faɗi. Ba ta sunkuya ta ɗauka ba.

Muryar ta yi ta sauka, a hankali, tana jan ƙarshen kowace lamba. Tana cikin ta huɗu wani zakara ya yi cara a bayanta, mai maganar ta ɗan yi dariya ta ci gaba. "Biyu. Ɗaya. Tura ƙofar. Zauna a bakin gado. Kada ki damu da komai. Ki jira, za a zo a kira ki."

Ƙit. Wayar ta yi shiru.

"Ina sauran?" in ji Sista.

"Iyakarsa ke nan."

"Ina hawan? Ina ɗaya zuwa goma?"

"Ba ta naɗa ba. Ni ta bar wa. Ta ce in jaririn ya fito, in dafa kafaɗarta in ƙirga mata. Ta ce tana so muryata ce za ta dawo da ita. Wata biyu muna gwadawa a gida kullum."

Sista ta daɗe tana kallonta. Ta kalli goshinta, ta kalli hancinta.

"Ke ce yarinyar jaka."

"Ni ce."

"Lokacin ba ki kai kaurin muciya ba. Shekara huɗu..." Ta zauna, kujerar ta yi ƙara. "Kin san ni ce, kika zo ajina?"

"Na sani. Yaya ta ce babu kamarki." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Sista, ba laifin kowa ba ne, nawa ne. Ni na manta jakar kayan jariri a gida saboda sauri. Da ban manta ba, da ba ki aike ni ba. Kafin in dawo an rufe mata fuska. Ta jira ni, ban zo ba. Har yau tana zaune tana jira."

"Me kika ce?"

"Tana can. Duk saukar da na yi tana bakin gado."

Sista ta tashi ta tura ƙofar ofishin ta rufe. Ta tsaya ta ba Auta baya.

"Ba a buƙaci jakar ba."

"Na'am?"

"Kin ga kabad ɗin nan? Irinsa ne a ɗakin haihuwa, cike da zannuwa wankakku. Da jakar, da babu jakar, za mu naɗe jaririya." Ta juyo. "Wuri nake nema. Ɗakin ƙarami ne, kuma ina da ɗalibai shida masu koyon aiki. So nake su shigo su gani. Yayarki ita ce wadda ta fi kowa iyawa a duk waɗanda na koya wa. Awa tara tana naƙuda ko uhm ba ta ce ba. Na ce yau likitocin da ke min dariya za su ji labari. Sai na dube ki a raɓe jikin gado, na ce, ke, ina jaka?"

Auta ta ji ɗan cikinta ya juya gaba ɗaya, kamar shi ma ya saurara.

"Yarinyar ta fito lafiya. Aka nuna mata, ta yi murmushi ido a rufe. Ɗalibai har da tafi a hankali. Muka gyara ta, muka lulluɓa mata zani. Wata ƙaramar ma'aikaciya ta ce min, Sista, ta yi shiru da yawa fa. Kin san abin da na ce?"

Auta ta girgiza kai.

"Na ce ku bar ta, tana ƙasa. Ƙanwarta za ta zo ta hau da ita." Sista ta dafa teburin. "Minti ashirin da biyar. Jini yana tafiya a ƙarƙashin zanin. Wata macen da ta yi ihu, da ta ce jiri nake ji, da ta ce ina ganin duhu. Ita ni na koya mata duk abin da ta ji ta saki jiki ta bar shi ya wuce. Ta kuwa bar shi."

"Shekara huɗu," Auta ta ce, muryarta ba ta fita sosai. "Mama ko sau ɗaya ba ta ce min komai a kan jakar nan ba. Da ta zage ni ma da ya fi. Ranar da aka kawo min kayan jaririna, sai da na shiga banɗaki na yi amai. Ashe kina nan kina koya wa mata hura abinci."

"Ina nan."

"Ba ki neme mu ba."

"Sau biyu ina zuwa bakin layinku ina juyawa." Ba ta kare kanta ba. "Ki tsane ni, kina da gaskiya. Amma ki ji wannan da kunnen basira. Ba rashin ƙirga ba ne ya kashe ta, jini ne. Abin da ƙirgar za ta yi, da an ga ba ta amsa ba, da mun ɗaga zanin da wuri. Tun ranar ba na barin kowa ta ba wani hawanta. Wadda ta sauka da kanta ta hau da kanta. Ke kuma kullum kina sauraron sauka babu hawa. Wa ke tashin ki a gida?"

"Shiru."

"Wa?"

"'Yar Yaya. Haka muke kiranta, ba ta da hayaniya. Ita ke zuwa ta taɓa ni."

"Tana ƙirgawa?"

"Ba ta iya ba. Ɗaya, biyu, uku, sai ta ce da yawa."

Sista ta miƙa hannu. "Goge shi."

Auta ta fizge wayar ta manna a ƙirji. "Muryarta ke nan da ta rage a duniya. Ko hotonta mai motsi ba mu da shi."

"To ba ni ajiya. Ranar da kika haihu, na ga kin zauna kin sha ruwa da hannunki, zan ba ki. Yau da mata goma a kanki sai da na ƙirga sau uku. Ranar naƙuda jikinki zai nemi hanyar da ya saba. In kika sauka kika zauna kusa da ita, wa zai san ko hutawa kike ko tafiya kike? Ni ban sani ba wancan karon. Kada ki sa in sake tsayawa a kan wani zanin."

Auta ta kalli fasasshen gilashin. Ta shafa robar da babban yatsa. Sannan ta ajiye wayar a kan teburin, ta janye hannunta da sauri kamar ta taɓa wuta.

Sista ta sa ta a aljihun tebur, ta murza makulli.

"In naƙuda ta zo, babu matakala. Numfashi kawai, ido a buɗe. In kin ji abin da ba ki gane ba, ki yi ihu har masu gadi su ji. Kin ji ni?"

Auta ta ɗauki jakarta ta fita.

*

A gidan Mama take zaune tun da cikin ya tsufa, don maigidanta direban babbar mota ne, yana hanya. Ba ta gaya wa Mama komai ba. Ta ci abinci kaɗan, ta kwanta a falo. Rana tana shigowa ta taga har kan kafet.

Wajen ƙarfe huɗu bayanta ya ɗaure. Ta ce gajiya ce. Ya saki, ya sake ɗaurewa. Da ta miƙe za ta shiga banɗaki sai ta ji ɗumi ya bi ƙafafunta.

"Mama! Faya ta fashe!"

Mama ta fito daga kicin da kumfa a hannu. "Innalillahi! Ba saura sati biyu ba?" Ta kira maƙwabcinsu mai mota sau uku, ba a ɗauka ba. Ta yafa mayafi a karkace. "Yana gida, na ga motar. Kwanta ta hagu. Minti biyu. Shiru, zauna da Antinki, kada ki motsa!"

Ƙofa ta bugu.

Auta ta kwanta a kan kafet. Ido a buɗe. Ta kafe shi a kan ƙafar kujera. Ta ja ta hanci, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta saki ta baki. Ciwon ya taso kamar ana matse ta da igiya, ya kai ƙarshe, ya fara sauka. Ta iya. Ashe za ta iya ba matakala.

Shiru ta ajiye 'yar tsanarta. Ta zo ta durƙusa a bayanta. Ɗan hannunta ya sauka a kan kafaɗar Auta, daidai inda Sista ta danna da safe.

"Sannu, 'yar albarka," in ji Auta. "Kada ki ji tsoro, ƙaninki ne zai zo."

"Saki haƙoranki, Auta."

Daga bakin Shiru maganar ta fito.

Yarinyar nan tun da ta fara magana Anti take ce mata. Kuma da abin kunne Auta ke sauraron wayar, ko sau ɗaya ba ta taɓa kunna ta a fili a gidan ba.

"Wa... wa ya gaya miki wannan?"

"Babu mai korar ki." Muryar ta yara ce, siririya, amma tana jan ƙarshen magana. "Gomaaa."

Sanyin siminti ya taɓa tafin ƙafarta. Tana kallon ƙafar kujera, tana ganin rana a kan kafet, amma bango ya matso ta dama, bango ya matso ta hagu.

Ihu. Sista ta ce ta yi ihu. Ta buɗe baki, muƙamuƙin ya riga ya saki, sai iska kawai ta fito.

Can ƙasa ta ji gadon ƙarfe ya yi ƙara, irin ta wanda ya gyara zama.

Idan ta sauka, zama za ta yi. Ta san haka kamar yadda ta san sunanta. Za a zo a same ta kwance lumui, Mama ta ce a bar ta ta huta. Abu ɗaya ne ya rage a bakinta, wanda aka ba ta riƙo shekara huɗu ba ta sauke ba. In mai jiran ta hau, babu sauran wanda zai kira ta ƙasa.

Ta tattara ɗan ƙarfin harshenta.

"Ɗaya," ta ce.

Gadon ya saki ƙara mai tsawo. An tashi.

"Taraaa," in ji Shiru. Ƙafar Auta ta sauka da kanta.

"Biyu. Taso, Yaya. Na zo."

Taku. Tafin ƙafa ba takalmi, a kan siminti.

"Takwaaas."

"Uku."

Ciwon ya sake tasowa, amma daga nesa, kamar a jikin wata. A waje ta ji an tayar da mota, ta ji Mama tana cewa a yi sauri. Sautin ya yi ƙanƙanta.

"Bakwaaai."

"Huɗu."

Sai a lokacin lissafin ya faɗo mata. Ita tana sauka, Yaya tana hawa, kuma matakalar guda ɗaya ce.

Ta so ta yi shiru. Bakin bai tsaya ba.

"Shidaaa."

"Biyar."

Ƙamshin man da Yaya ke shafawa a gashi ya cika mata hanci. Numfashi mai sanyi ya taɓa goshinta. Hawa ɗaya ƙasa da ƙafarta ga tsagar nan ta matakala ta biyar, kuma akwai yatsun ƙafa a kanta. Zanin asibitin ya gogi cikinta, jiƙe sharkaf.

Hannun Shiru ya bar kafaɗarta.

Yaya ta riƙe ƙugu. Ta kalli fuskar Auta, ta sauke ido kan cikin, ta daɗe a wurin. Sannan ta yi ɗan murmushin nan nata.

"Auta. Ke za ki matsa ko ni?"

Tun suna yara, ko sau ɗaya Yaya ba ta taɓa matsawa ba.